Neman shawara: Ina karatun likitan dabbobi, amma zuciyata tana ɗakin bincike

Ɗalibi daga Daura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyar a karatun likitan dabbobi a Zariya, saura shekara guda in Allah Ya yarda. Mahaifinmu dillalin shanu ne a kara ta Mai'aduwa, kuma tun da na sami gurbin karatun nan yake gaya wa abokan sana'arsa zai buɗe mini shagon maganin dabbobi da na gama hidimar ƙasa. Har shagon ya nuna mini. Ni kuwa tun da muka shiga darasin ƙwayoyin cuta, hankalina ya koma ɗakin gwaje-gwaje, musamman cututtukan da ke tashi daga dabba su kama mutum. Likitan dabbobi yana iya shiga binciken lafiyar ɗan'adam, ko sai wanda ya karanta likitan mutane? Ta ina ake farawa? Akwai abinci a ciki? Ban ma san da wane baki zan tunkari Baba ba.

Malamar jami'a, Katsina:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Yana iya shiga, kuma ba a matsayin ɗan rakiya ba. Peter Doherty na Ostireliya, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin likitanci a 1996 kan yadda garkuwar jiki ke gane sassan da ƙwayar cuta ta shiga, likitan dabbobi ne. Amma bar Ostireliya, dawo gida. Murar tsuntsaye ta H5N1 da ta fara bayyana a Afirka a 2006, a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna aka gano ta. Zazzaɓin Lassa ɓera ne ke ɗauke da shi. Haukan kare, bakkale mai sa shanu ɓari, tarin fuka na shanu, duk daga dabba suke tsallakowa. Kai da ka yi shekaru kana karanta jikin saniya da kaza da kare da ɓera, kana da idon da likitan mutane ba shi da shi, domin kafin sabon magani ko allurar rigakafi su isa jikin mutum, a jikin dabba ake fara gwada su.

Wuraren aiki akwai: cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924 kuma take haɗa rigakafin dabbobi, cibiyar binciken cutar sammore a Kaduna, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ga ta nan kusa da kai, cibiyar binciken lafiyar ɗan'adam ta NIMR a Yaba ta Legas, sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. Shirin horar da masu bin sawun annoba da aka fara a 2008 yana ɗaukar likitocin dabbobi tare da na mutane.

Hanyar kuwa doguwa ce, ba zan ɓoye maka ba. Bayan digirinka sai digiri na biyu, sai na uku. Amma farkonta yana hannunka yanzu: aikin bincikenka na ajin ƙarshe. Kada ka zaɓi malamin da zai sa hannu kawai ya sallame ka. Nemi wanda ɗakin gwajinsa ke aiki, ka roƙe shi ya bar ka ko wankin kwalabe ne ka riƙa yi lokacin hutu.

Tsohon likitan kwata:
Ɗana, na daɗe ina duba nama a mayanka, bari in ƙara kan maganar Malama. Da asuba akan feɗe sa mai ƙiba, wanda ko kai ka gan shi a kara za ka ce lafiyayye ne, a ciro huhun, in tsaga da wuƙa in ji tana ƙaras-ƙaras, cikin duk ƙulluttai masu ruwan ɗorawa, alamar tarin fuka ke nan. Mu iyakarmu mu hana sayar da shi, mahauci ya yi ta magiya. Amma daga wace ruga san ya fito? Su wa suka sha nonon garken nan ba a tafasa ba? Mahaucin da ke tari a gabana fa? Wannan tambayar ba wanda ke bin ta, kuma ita ce aikin da kake sha'awa. Idan ka zo hutu, je kwata ka tsaya. Samfurin da wasu ke nema da kuɗi, kai a ƙofar gidanku yake.

Ka tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400. Agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyukan, ba wanda ya kula.

Mai shagon magani, Kofar Kaura:
Ku gaya masa ɗaya ɓangaren ma. Abokan karatuna da suka bi bincike, wasu da kuɗin aljihunsu suka sayi kayan gwaji, wuta ta ɗauke, samfurin wata da watanni ya lalace a firji. Ni shagona ya aurar da ni, ya gina mini gida. Ba hana ka nake ba, amma in akwai ƙanne da ke jiranka, ka yi lissafi.

Malamar jami'a, Katsina:
Gaskiya ka faɗa Alhaji, na ga hakan da idona. Shi ya sa nake cewa kada ya yi digiri na uku da kuɗin Baba. Akwai tallafin Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus, sannan in ya sami koyarwa a jami'ar gwamnati akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Dukansu sakamako mai kyau suke dubawa, da shaidar ka taɓa yin bincike da hannunka, da wasiƙar malamin da ya san aikinka. Ka kuma dage da ilimin ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta, nan ne ɗalibanmu suka fi rauni.

Wata uwa, Daura:
Yaro, maganar mahaifinka ita ta fi damuna. Kada ka je masa da "ba na son shago", zai ji kamar ka zubar masa da ƙasa a ido gaban abokansa. Ka sami kawunka ko amininsa ku je tare. Ka tambaye shi labarin cutar shanu ta bushiya, ai dillali ne, ya san yadda ta share garkuna a farkon shekarun 1980. Sai ka ce masa yau babu ita a duniya, tun 2011 aka sanar da ƙarewarta, kuma likitan dabbobi mai bincike ne ya haɗa allurar. Irin wannan aikin kake nema ya sa maka albarka.

Ɗalibi daga Daura:
Allah Ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Baba na kwata, in na zaɓi tarin fukan shanu a matsayin aikina, za a bar ni in ɗebi samfuri kuwa?

Tsohon likitan kwata:
Za a bar ka, amma da takarda. Karɓo wasiƙa daga sashenku zuwa ga daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha, sannan ka gaida sarkin fawa kafin ka taɓa komai. Ka zo da safar hannu, takunkumi da kula mai ƙanƙara, cutar tana kama mutum. Kuma ka iso kafin gari ya waye, da hantsi an gama fiɗa.