Neman kalma: me za mu kira “non-refoulement”?

Tafinta: Jama'a a taimaka. Ƙarfe 4 zan karanta rahoto kan maƙwabtan ƙasashe da ke jayayya a kan masu neman mafaka, kalmar ta fito sau 5. Na rubuta “hana kora”, amma ba ta kwanta mini ba.

Lauya: Kada ka yi. Ƙasa na da ikon korar baƙon da ba shi da takardu. Abin da Sashe na 33 na Yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira ya hana shi ne mayar da ɗan gudun hijira inda za a kashe shi ko a tauye masa 'yanci. Inda za a kai shi ne matsalar. Ka ce “hana tasa ƙeya zuwa inda zai halaka”.

Edita: Tasa ƙeya na nufin ya riga ya shigo. Yarjejeniyar Afirka ta 1969 ta haɗa har da wanda aka tare a bakin iyaka aka ce ya juya. Akwai kuma wanda za a miƙa wa ƙasa ta uku, ita kuma ta mayar da shi gida. Shi ma an karya dokar.

Mai Nahawu: Tun bara na ƙirƙiro “hankomo”, wato hana da komo. Kalma ɗaya tilo, kamar ta Turawa.

Edita: Malam, komo yana nuna zuwa wajen mai magana ne, kuma da ƙafarsa. Wannan tura shi ake can. Mai sauraro zai ɗauka an hana mutum komowa gida.

Mai Nahawu: To sai mu yi ta jero jimla kamar harshen da ba shi da gata? Ku 'yan rediyo kullum haka kuke. Ko “hijira” ma aron Larabci ce.

Ɗan Jamhuriya: Ita kalmar “non-refoulement” ma ta Faransanci ce, Ingilishi aro ya yi bai ji kunya ba. Mu nan Nijar, baƙin da Aljeriya ke korowa tana saukewa kusa da garin Assamaka na bakin iyaka “rafule” ake ce musu, kowa ya gane.

Mai Nahawu: Wannan ba Hausa ba ce.

Ɗan Jamhuriya: Amma “biza” da “fasfo” Hausa ne, tunda ta bakinku suka shigo?

Lauya: Ku bar wannan. Tafinta, kula da abu biyu. Ka ce “mai neman mafaka”, domin kariyar na aiki tun kafin a yanke hukunci kan buƙatarsa. Kuma kada ka ce babu togiya: Sashe na 33 ɗin ya cire wanda ke barazana ga tsaron ƙasa. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ce ba ta togace kowa ba.

Tafinta: Na gode, ranku ya daɗe. A karon farko zan ce “ƙa'idar hana mayar da mai neman mafaka inda rayuwarsa ke cikin haɗari”, daga nan “ƙa'idar hana mayarwa”.

Edita: Ba ta kama na bakin iyaka sosai ba, amma lokaci ya ƙure. Je ka.

Mai Nahawu: Kalma 12 a madadin ɗaya. Ni dai hankomo na nan a littafina.