Me ya sa dattijo zai yi kuka a wasan da ba zai kai ƙungiyarsa ko'ina ba?

Sabon_Damisa, Litinin 21 ga Agusta 2023

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ostireliya. Watana bakwai ke nan a Melbourne, kuma duk tsawon lokacin nan kauce wa ƙwallonsu mai siffar ƙwai, ta gasar AFL, nake yi. In an fara hirarta a wurin aiki sai in duƙufa a kan kwamfuta kamar mai aikin gaggawa. To, shekaranjiya Asabar asirina ya tonu. Maƙwabcina, wani dattijo da ya haura saba'in, ya ƙwanƙwasa min ƙofa da tikiti biyu a hannu, wai matarsa mura ta kwantar da ita, in zo in raka shi babban filin wasa na MCG. Kafin in gama haɗa uzuri ya naɗa min mayafin wuya mai rawaya da baƙi, ya ce daga yau ni ɗan ƙungiyar Richmond ne, magana ta ƙare.

Muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Richmond muka bi ayari a ƙafa, sanyin Agusta yana ratsa riga. A hanya ya faɗa min gaskiya: Richmond ta riga ta sare a bana, North Melbourne da za a kara da ita kuwa wasa biyu kacal ta ci, na farkon kaka. Na ce a raina, to me ya fito da mu? Ashe ban kwana aka zo yi. Trent Cotchin, kyaftin ɗin da ya ɗaga musu kofi a 2017 da 2019 da 2020, da Jack Riewoldt mai cin ƙwallo, ranar ce wasansu na ƙarshe. Jack Ziebell na North ma haka.

Wasan kansa ban fahimci rabinsa ba. Abin da na gani da idona shi ne bayan an tashi: 'yan wasan ɓangarorin biyu suka yi layi, aka ɗauki mutanen nan a kafaɗa aka ratsa da su, yaransu ƙanana suna ta guje-guje a cikin fili. Na juyo zan tambayi dattijona wani abu, sai na tarar ya cire tabarau yana share ido da bakin mayafinsa. Mutumin da ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa! Ya ce min shekara 37 suka yi ba kofi, daga 1980 har 2017, yaran nan ne suka share musu hawaye.

Da dare kuma na kunna talabijin na ga Adelaide da Sydney, aka tashi da tazarar maki ɗaya, gari ya ɗauki hayaniya. Yau a ofis ba wanda ya yi aikin kirki.

Tambayoyina biyu ne. Na ɗaya, wannan "takwas ɗin sama" da kowa ke ambato, yaya lissafinsa yake, kuma mene ne kason da ake rubutawa a gefen teburi? Na biyu, wadda ta fi damuna: me ya sa ɗan wasa zai sanar da ritaya kaka ba ta ƙare ba? Richmond fa tana da sauran wasa ɗaya a Adelaide, amma an ce su biyun ba za su je ba. A ganina kamar barin aiki ne ana tsaka da shi.

Mai_Shuɗin_Riga

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa cikin wahala. Dattijon ya riga ni, da Carlton zan kai ka.

Fara da lissafin cikin fili. Sanduna huɗu ne a kowane ɓangare. In ka buga da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu ba wanda ya taɓa, maki shida. In ta daki dogon sanda, ko ta bi ta gefe tsakanin dogo da gajere, ko wani ya taɓa ta a hanya, maki ɗaya. Shi ya sa za ka ga an rubuta 11.9 (75): sha ɗaya sau shida, a ƙara tara.

A teburi kuwa nasara maki huɗu ce, canjaras biyu. Ƙungiyoyi 18, kowacce wasa 23 a bana. Wanda ya ƙare a saman teburi bai ci komai ba tukuna, ba kamar Firimiya ba. A bana takwas na sama ne za su shiga zagayen neman kofi na Satumba, kuma ko a cikinsu akwai 'yan gata. Na ɗaya zai kara da na huɗu, na biyu da na uku, wanda ya ci ya huta mako guda, wanda aka doke yana da sauran rai ɗaya. Na biyar zuwa na takwas kuwa kifa ɗaya ƙwala ne tun daga ranar farko. Tun da aka fara wannan tsari a 2000 har zuwa kakar 2022, sau ɗaya tak wata ƙungiya ta taso daga ƙasan huɗun farko ta ɗauki kofi: Western Bulldogs a 2016, daga mataki na bakwai.

Kaso kuma, hmm. Ka taɓo min gyambo. Ana ɗaukar duk makin da ka zura a kaka, a raba da wanda aka zura maka, a ninka da ɗari. In maki ya zo ɗaya a teburi, shi ke raba gardama. Bara Carlton tana cikin takwas tun makon farko har na ƙarshe. Ranar ƙarshe muka haɗu da Collingwood a MCG, mutum fiye da 88,000, muka shiga zango na huɗu, na ƙarshe, muna gaba da maki 24. Suka zura biyar a jere, Jamie Elliott ya buga ta ƙarshe, aka tashi 75 da 74. Mu da Bulldogs kowa nasara 12, su kasonsu 108.9, mu 108.3. Wannan ɗan ɗigon ne ya mayar da mu gida. Na dawo a jirgi ba wanda ke cewa uffan, sai wani yaro da ke ta tambayar babansa ko gobe za a sake.

Bana dai Allah ya dube mu. A tsakiyar kaka muna na 15, yanzu nasara tara a jere, kuma mun shiga, karon farko tun 2013. Kujera ɗaya ta rage: GWS ta yammacin Sydney ko Bulldogs. Bulldogs sai sun je Geelong sun ci ranar Asabar, sannan su zauna suna yi mana addu'a mu doke GWS ranar Lahadi. Ka ga ikon Allah, waɗanda suka ƙwace mana kujera bara.

Maman_Biyu_Adelaide

Malam, tunda ka ambaci wasan daren Asabar, bari in sauke abin da ke raina, don kwana biyu ke nan ina fama da yara.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Ben Keays ya buga, ƙwallo ta wuce ta cikin sanduna sarai, shi da abokansa suka ruga wajen 'yan kallo suna murna. Alƙalin raga ya ce wai ta shafi sanda, maki ɗaya. Akwai na'urar sake dubawa, bai nemi a duba ba. Sydney suka ɗauki ƙwallo suka ci gaba da wasa mutanenmu na can suna rungume juna. Aka tashi 74 da 73. Washegari shugaban AFL, Gillon McLachlan, ya fito ya amsa cewa kuskure ne, ci ne, amma sakamako ba zai sauya ba. An dakatar da alƙalin. To dakatarwar za ta shigar da mu takwas? Ihu bayan hari. Tun 2017 rabonmu da Satumba.

Ɗana mai shekara tara ya tambaye ni, "Mama, in sun yarda sun yi kuskure me ya sa ba za su gyara ba?" Na rasa ta cewa. Mahaifinsa ya ce ai mu ma mun yi sake, mun bari Sydney ta yi mana nisa tun farko, mun kuma ɓarar da ƙwallaye masu sauƙi a zangon ƙarshe. Gaskiya ya faɗa, amma ba ranar faɗinta ba ce.

A kan tambayarka ta biyu, ni ina ganin dattijonka ya fi ni morewa. Shi ya san ranar ban kwana ce, ya sa rigarsa ya je ya yi. Mu ba mu san kakarmu ta ƙare ba sai da aka busa.

Alhaji_na_Footscray

Ɗana, na fi shekara ashirin ina kallon wasan nan, kuma ba barin aiki ba ne. Ka duba yadda sauran suke tafiya, sannan ka yi hukunci.

Lance Franklin, wanda suke kira Buddy. A watan Maris na 2022 ya zura ƙwallonsa ta 1,000 a filin SCG na Sydney, jama'a suka ɓalle suka cika fili har sai da aka tsayar da wasa. Ƙarshen watan jiya, a wasa da Essendon, tsokar ƙwaurinsa ta motsa, aka fitar da shi, ya zauna a benci. Ranar Litinin aka ji ya yi ritaya. Wasa 354, ƙwallo 1,066, kuma ba wanda ke filin a daren nan da ya san kallon ƙarshe yake yi masa. Nic Naitanui na West Coast ko wasa ɗaya bai buga ba a bana saboda jijiyar dunduniya, haka ya tafi.

Akwai kuma waɗanda ake nuna wa ƙofa. Brent Harvey ya buga wa North Melbourne wasa 432, lokacin da ya tafi ba wanda ya kai shi a tarihi. A Agustan 2016, ana dab da shiga Satumba, kulob ya sanar ba zai sabunta masa kwantiragi ba, shi da wasu manya uku. Ƙafarsa na nan da gudu a lokacin. Magoya bayansu har yau ba su huce ba.

Wanda ya tafi yadda kowa ke mafarki shi ne Joel Selwood na Geelong. Bara a wasan ƙarshe suka lallasa Sydney da maki 81, shi ma ya zura tasa a zango na huɗu, ya ɗaga kofi, bayan 'yan kwanaki ya ce ya gama: wasa 355, kofi huɗu. Amma irinsa nawa ne? Ga Geelong ɗin nan bana ko takwas ba ta shiga ba.

To Cotchin da Riewoldt sun ga duk wannan. Kocinsu Damien Hardwick ya ajiye aiki tun Mayu, zamanin ya wuce, kowa ya sani. Mutum ya ba ƙungiya wasa 306, ɗayan 347, sai a ce su je su ƙare a filin Port Adelaide, gaban mutanen da za su yi musu ihu? A MCG suka ɗaga kofi biyu daga cikin ukun (na 2020 a Brisbane aka yi saboda korona), nan ya kamata a sallame su. Wasan da ya rage kuwa gara a jefa yara biyu a ga abin da za su iya. Sanarwa da wuri kuma don irin maƙwabcinka ake yi, ya samu ya sayi tikiti.

Inda zan ɗan ba ka gaskiya: in ƙungiya na cikin tseren, bai kamata a cusa tsoho a fili don kara ba. Koci mai hankali ba ya yi, kuma tsohon kirki ba ya nema.

Kada ka tambaye ni jiya. West Coast da kowa ke tattakawa a bana ta zo har gida ta doke mu, mu 'yan Bulldogs, da maki bakwai. Abin dariyar, nasarar ta ɗaga su daga ƙasan teburi, alhali a nan ba a faɗawa rukuni na ƙasa. Na ƙarshe shi ke fara zaɓe a cikin matasa, kuma kowa yaron nan Harley Reid yake hange. Sun ɓata mana, sun ɓata wa kansu.

Af, in ka koma MCG akwai ɗakin salla. Bachar Houli ne ya yi ta bin lamarin har aka samar a filaye, kuma ɗan Richmond ɗinku ne, da shi aka ci kofunan uku kafin ya yi ritaya a 2021.

Sabon_Damisa

Na gode ƙwarai. Alhaji, na janye maganar barin aiki. Da na san da ɗakin sallar ma da ban yi ta kallon agogo ba a zango na huɗu. Hajiya, a ba yara haƙuri, a ce wani ɗan Richmond na kwana biyu yana taya su jin haushi.

Ɗazu na kai wa dattijon mayafinsa a wanke a ninke, ya ƙi karɓa. Ya ce ba aro ba ne. Na gwada masa sabon ilimina, na ce ai GWS ta gyara kasonta tunda ta doke Essendon da maki 126. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wa ya koya min. Sai ya ce ranar Lahadi in shigo mu kalli Carlton da GWS, matarsa ta ji sauƙi za ta dafa shayi.

Yaya Mai Shuɗi, wa zan goya wa baya? Ya gargaɗe ni cewa a gidansa ba a tafa wa Carlton.

Mai_Shuɗin_Riga

Ka yi shiru ka sha shayinka. In mun zura, ka taɓa ƙafar kujera sau ɗaya, zan ji daga nan.

Alhaji_na_Footscray

Ka taɓa sau biyu, ɗaya nawa ne. In dai mun tsallake Geelong ranar Asabar.