Shawarwari kan ƙawata aji da kuɗi kaɗan

Malamar aji biyu, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum, malamai da iyaye. An ba ni aji biyu na firamare a wannan zangon, kuma ɗakin da na tarar bangonsa ya yi dauɗa, allon ma ya koɗe har waɗanda ke zaune a baya ba sa ganin rubutu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ware wa kowane aji naira 15,000 domin gyara. Na zagaya Kasuwar Sabon Gari na tambayi farashin hotunan bango da ake bugawa, sai na ga kuɗin za su ƙare ban rufe ko bango ɗaya ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a aikin su nuna mini inda ya kamata in fara.

Tsohon shugaban makaranta, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki sayi hoto ko ɗaya kafin ki gama da allo da bango, domin allon shi ne abin da yaro ke kallo tun daga safe har a tashi. Ki sayi ƙaramin gwangwani na baƙin fentin allo, ki shafa sau biyu ranar Juma'a bayan an tashi, ya samu Asabar da Lahadi ya bushe. A da muna fasa tsohon batir mu kwaɓa baƙin da ke cikinsa mu shafa, amma ban yarda kowa ya ci gaba da haka ba, saboda sinadaran da ke ciki suna cutar da fata, yara kuma da hannu suke goge allo sannan su ci abinci. Game da bango, farar ƙasa ta wadatar, kuma ta fi fenti araha nesa ba kusa ba. A zuba ɗan gishiri a cikin kwaɓin don ta kama sosai. Ɗaki mai farin bango yana ƙara haske, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ajin da babu lantarki. Idan kuɗi sun yi saura, a shafa fentin mai mai duhu daga ƙasa zuwa daidai kafaɗar yara, tun da nan ne hannuwa ke ɓatawa.

Malamin zane, Samaru:
Na goyi bayan Baba a kan tsarin da ya kawo. Abin da zan ƙara shi ne, mutumin Zazzau bai kamata ya rasa adon bango ba. Ki je ki dubi ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau da tsofaffin gidajen cikin birni, ki ga yadda magina suka yi dagi da sauran zane-zane a fuskar gini. Wannan gari ne ya fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a a ƙarni na 19. Haka kuma a nan ne ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma babban abin da suka yi kira a kansa shi ne mai zane ya ɗebo daga al'adar gida maimakon ya kwaikwayi Turai kawai.

Yadda za ki yi shi ne, ki zana dagi ɗaya a jikin kwali mai kauri, ki yanke shi da reza, sannan ki riƙa ɗora kwalin a bango kina danna soso mai launi, har ki zagaye saman ɗakin da layi guda. Bula ta wanki tana ba da shuɗi, jar ƙasa kuma tana ba da ja. Irin wannan ado yana da wata fa'ida: babu uban da zai zo ya yi ƙorafi a kan hoton mai rai, kuma za ki iya koyar da da'ira da murabba'i da alwatika daga jikinsa.

Mahaifiyar ɗalibi, tela a Tudun Wada:
Malama, ni ba malama ba ce, amma shagunanmu cike suke da ƙyallaye da muke sharewa kullum. Idan kin aiko zan tara miki buhu guda. Ana yanka su a yi tutoci a jera a zare, ana kuma liƙa su a kwali a fitar da haruffa masu launi. Don liƙi, ki dama sitacin rogo kamar koko, ba sai kin sayi gam ba.

Malamar aji ɗaya, Gyallesu:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, ƙyallayen za su yi amfani ƙwarai. Sai dai ina da ja a kan sitaci. Kyankyasai suna bin sa su cinye takardar, idan damina ta kankama kuma danshin bango yana sa shi ya yi funfuna ya saki. Gara ma ba ta barin kwalin da ya manne da bangon ƙasa. Abin da ya fi dorewa a wajena shi ne a kafa ƙusa biyu, a ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, a riƙa rataye takardun da abin maƙale shanya. Ta haka ba sa taɓa bango, ana sauke su a kakkaɓe lokacin ƙurar hunturu, ana kuma canza su duk mako ba tare da an ɓata farar ƙasar ba. Bayan tsofaffin kalandu fari ne tas, kuma ofisoshi da shaguna suna zubar da su a farkon kowace shekara.

Malami mai koyar da ɗaliban koyarwa, Kongo:
Ina so in ja hankali a kan yawan adon kansa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun gwada ƙananan yara a ɗaki mai cike da hotuna da kuma ɗaki marar ado, suka tarar cewa a ɗakin da aka cika da ado hankalin yaran ya fi barin darasi, abin da suka koya kuma ya ragu. Ba ina nufin a bar bango tsirara ba. Ina nufin bangon da allo yake a bar shi da sauƙi, a kai ado gefe da baya, kuma duk abin da aka rataya ya kasance ana aiki da shi a darasi. Hotunan kasuwa da yawa suna nuna tuffa da dusar ƙanƙara, ga shi babu ɓ da ɗ da ƙ da 'y a cikinsu. Gara ki rubuta haruffan Hausa da hannunki, manya yadda na baya zai gani, kowanne da abin da yaro ya sani: ɓera, ɗinya, ƙwarya. Na Ingilishi su zauna a wani gefe dabam don kada su cakuɗe.

Tsohon shugaban makaranta, Ƙofar Doka:
Malam ya faɗi gaskiya. Kuma a ware igiya ɗaya domin aikin yaran kansu, a riƙa juyawa har kowa ya ga sunansa a sama, ba masu ƙoƙari kaɗai ba. Yaro ba ya yaga bangon da aikinsa ke rataye a kai. Marafan kwalba da karan dawa kuma a tara su a gwangwanaye domin lissafi.

Malamar aji biyu, Tudun Jukun:
Na gode, Allah ya ƙara girma. Na tsayar da cewa fentin allo da farar ƙasa da ladan mai shafe za su ci mafi yawan kuɗin, sauran kuma in sayi igiya da ƙusa da alƙaluman rubutu masu kauri. Hajiya, zan turo a karɓi ƙyallayen ranar Alhamis in Allah ya yarda. Malam na Samaru, ko za ka taimaka mini da kwalin dagin da aka riga aka yanka? Hannuna bai saba da reza ba.

Malamin zane, Samaru:
Zan yanka miki biyu, babba da ƙarami. Ki auna mini tsawon bangon da tazarar da ke tsakanin saman taga da rufi, don in san girman da zai shiga.