Neman kalma: mi za mu kira "per capita" in ana zancen iskar gona?

Jama'a assalamu alaikum, ina neman taimakon masu Hausa. Jiya ina ƙoƙarin yi ma wani ƙanena mai noman rani a Kwalkwalawa bayanin yadda ake auna iskar da noma ke fitarwa tsakanin Afirka da Asiya da Turai, sai kalma ta ƙare mani a baki. Wurare biyu na maƙale.

Na farko iskar kanta. A rediyo kullum "hayaƙi mai gurɓata muhalli" muke ji, kuma ga mota ko masana'anta ya yi daidai, amma ga gona bai shiga ba. Shinkafar da anka tsare ma ruwa a fadamar Wurno ko ƙasan dam ɗin Goronyo tana fitar da wata iska da ake kira mitan daga cikin taɓo, ba wuta ba hayaƙi, ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da ciyawa inda iska ba ta kaiwa. Takin yuriya kuma in ya kwana a ƙasa yana fitar da iskar naitiros oksaid, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya kai ninki 270 da 'yan kai na iskar kabon dayoksaid a cikin shekara 100. Yaro ya dube ni ya ce yaya ina hayaƙin? Kuma gaskiya tai. Ni dai na tsaya kan "iska mai riƙe zafi", don aikinta ke nan, kamar bargo.

Na biyu shi ne mai wuyar, per capita, wato a tara abin da yanki ya fitar gaba ɗaya a raba da yawan mutanenshi. Wani malami ya ba ni "rabon kowa", amma rabo a kunnen Bahaushe alheri ne, ba a cewa mutum ya samu rabon ɓarna. Wata 'yar uwa ta ce "kan mutum ɗaya", ma'ana ta fito sai dai ba ya zama suna, ka gwada ka ce "kan mutum ɗayan Najeriya ya ragu" ka ji yadda harshe ke tuntuɓe.

Abin da ya kwanta mani shi ne "kason kai". Mun saba da ƙidayar kai tun zamanin haraji da jangali, kuma yana shiga magana sumul, kason kan Afirka, kason kan Asiya.

Wallahi abin na damuna ne don in ba wagga kalma ba mu iya kare kanmu a muhawara. Asiya ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na shinkafar duniya, jimillarsu dole ta yi girma, amma Sin kaɗai mutum biliyan 1.4 ne, sai an raba ake ganin gaskiyar nauyin. Mu kuwa a 2006 da shugabannin Afirka sunka taru Abuja kan taki, abin da ake sa ma hekta bai wuce kilo 8 ba, burinsu a kai 50, alhali manomin Sin ya zarce ɗaruruwa. Mai gero da dawa a tudun Gwadabawa da buhun taki guda yake lallaɓawa, ta ina za a ɗora mai laifi daidai da wancan?

Sai dai kason kai ma yana da makanta. Shinkafar Indiya ko Tailan da munka ci a nan, iskarta a kansu anka rubuta, mu munka cinye tuwon. Kuma da kowa ake rabawa har ɗan birnin da bai taɓa riƙe kalme ba.

Malaman Hausa na jami'ar Ɗanfodiyo da manomanmu, ku auna "kason kai" da "iska mai riƙe zafi" a bakinku, in akwai wadda dattawa ke amfani da ita wurin rabon ruwan rani ko kuɗin gayya da ta fi wanga ku kawo, ranar Juma'a zan koma wurin yaron.