Matata 'yar asalin Filifin ce, ta yaya za ta dawo da zama 'yar ƙasarta?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Matata haifaffiyar Cebu ce a ƙasar Filifin, iyayenta duka 'yan Filifin ne, amma da ta karɓi takardar zama 'yar Amurka sai ta rasa ta ƙasarta. Yanzu mahaifinta ya tsufa, tana son ta sayi gona kusa da shi, an kuma ce mata baƙo ba ya mallakar ƙasa a can. Shin akwai hanyar da doka ta tanada, kuma sai ta saki fasfon Amurka?

Malama Uwani:
Wa alaikumus salam, Malam. Hanya tana nan, kuma ba ta da wuya. Doka mai lamba 9225, wadda Shugaba Gloria Macapagal-Arroyo ta sa wa hannu a watan Agustan 2003, ta ba duk wanda aka haifa ɗan Filifin, sannan ya rasa matsayinsa saboda ya zama ɗan wata ƙasa, damar dawo da shi ta hanyar rantsuwar biyayya ga ƙasar. Maiɗakinka za ta je ofishin jakadancin Filifin da ke kula da jiharku, ko hukumar shige da fice a Manila idan tana can, ɗauke da takardar haihuwa daga hukumar ƙididdiga ta PSA, da tsohon fasfonta, da shaidar zama 'yar Amurka, da takardar aure, da hotuna. Bayan rantsuwa za a ba ta takardar shaida, da ita ce za ta nemi sabon fasfo. Filifin ba ta ce a saki na Amurka ba, Amurka ma ba ta hana riƙe biyu. Masu fasfon Japan ko Singafo ne ya kamata su yi hattara, domin dokar ƙasashensu ba ta yarda ba.

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne saɓanin suna, musamman mata, idan takardar haihuwa tana ɗauke da sunan gidan uba, fasfo kuma da na miji. Ku daidaita wannan tun kafin ku nemi rana.

Abu Sadiq:
Ina da ɗan gyara kan maganar mallakar fili. Wanda aka haifa ɗan Filifin sannan ya rasa matsayinsa yana iya mallakar filin zama har murabba'in mita 1,000 a birni ko hekta 1 a karkara, ko bai yi rantsuwa ba. Sai dai gona ta kirki ta fi haka, don haka a ganina ta yi rantsuwar ta huta da wannan iyaka. Kada kuma ku manta da yara: duk wanda bai kai shekara 18 ba kuma bai yi aure ba, ana iya sa sunansa cikin takardar uwar.

Malama Uwani:
Gaskiya ne, Malam Abu. Inda kawai ake tilasta sakin ɗayar ƙasar shi ne neman muƙamin gwamnati. Grace Poe, 'yar siyasar Filifin, ta dawo da matsayinta a 2006, ta saki na Amurka a 2010, amma duk da haka sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2016 kafin a tabbatar mata da damar tsayawa takarar shugaban ƙasa.

Baban Hanifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Siyasa kam ba ta gabanmu. Za mu fara da neman takardar haihuwar daga PSA.