Shin lantarkin iska zai rage mana kuɗin wuta a gida?

Uwar Gida:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar lantarki. Kuɗin wutar da muke biya yana ta hauhawa, alhali kayan da muke kunnawa ba su ƙaru ba, wato firji ɗaya, fankoki, ƙwayayen fitila, dutsen guga da hitar ruwa. Wani mai sayar da kayan sola ya ba maigidana shawarar mu ɗora ƙaramin injin iska mai kilowat ɗaya a kan rufi, ya ce zai ɗauke mana rabin nauyin. Hankalina bai kwanta ba, domin ina jin ana cewa da zarar iska ta lafa sai wuta ta tsaya, kuma ƙasashen da suka kakkafa manyan injinan ma kuɗin wutarsu bai sauka ba. Shin lantarkin iska abin dogaro ne, kuma ƙaramin injin zai mayar da kuɗinsa?

Tsohon Ma'aikacin Lantarki:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Shakkar da kike yi a kan na rufin gida tana kan hanya, kuma dalilinta yana cikin yadda ƙarfin iska yake. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa takwas ne, haka kuma idan ya ragu da rabi sai ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Kilowat ɗayan da aka rubuta a jikin injin, wato wat 1000, galibi ana auna shi ne a iska mai gudun kusan mita 12 a daƙiƙa, wadda iska ce mai kaɗa manyan rassan itatuwa. A mita 6 abin da za ki samu bai wuce wat 125 ba, a mita 4 kuwa ko wat 40 ba zai kai ba, wanda da ƙyar zai juya fanka ɗaya. Yawancin injinan ma ba sa fara bayar da wuta sai iska ta kai mita 3 zuwa 4.

Sannan iskar saman rufi ba ta tafiya a miƙe, tana bugun katangu da itatuwa ne tana juyawa, sai ki ga kan injin yana ta waiwaye yana neman inda iskar take, farfelar ta ɗauka ta saki, girgizar kuma tana bin sandar ƙarfen tana shiga ginin har a ji ta a ɗaki da dare. Ƙa'idar da masu kafawa suke bi ita ce farfela ta ɗara duk wani gini ko itace da ke kusa da kimanin mita 9, abin da ba ya samuwa a cikin unguwa mai cunkoso. A gona ko kan tudu ko bakin teku, inda fili yake buɗe, maganar ta sauya. Ki nemi mai sayarwar ya nuna miki jadawalin wutar da injin yake bayarwa a kowane gudun iska, ya kuma faɗa miki matsakaicin gudun iskar wurinku a shekara, sannan a haɗa kuɗin batir da inbata a cikin lissafin.

Mai Bibiyar Kasuwar Makamashi:
Na yarda da Baba a kan ƙaramin injin, amma ba na son raunin nasa ya shafa wa manyan baƙin jini. Manyan injinan suna tsaye ne a kan hasumiya mai tsawon mita 100 ko fiye, inda iska ta fi ƙarfi ta kuma fi daidaito, kuma faɗin da'irar da farfelarsu take sharewa ya fi na filin ƙwallo. A shekarar 2023 ƙarfin injinan iska da aka kafa a duniya ya haura megawat miliyan ɗaya, Sin ce a gaba, Denmak kuma tana samar da fiye da rabin lantarkinta daga iska ba tare da wuta tana ɗaukewa ba. Abin da ya ba ta wannan dama shi ne layukanta suna haɗe da na Norway da Suwidin da Jamus, idan iska ta yi yawa ta sayar, idan ta lafa ta sayi wutar madatsun ruwa.

Gaskiya ne iska ba ta kaɗawa kullum. Injin da ke kan tudu yakan bayar da kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na abin da zai bayar da a ce yana aiki da cikakken ƙarfi dare da rana, na cikin teku kuma yakan ɗara haka. Saboda haka dole a tanadi madadin da zai cike giɓin, kuma wannan tanadin yana da kuɗinsa, duk wanda ya ɓoye hakan bai yi adalci ba.

Batun bil ɗin gida kuwa, kuɗin samar da wutar yanki ne kawai na abin da ake biya, sauran na wayoyi ne da taransifoma da gyare-gyare da haraji. A kasuwannin Turai, tashar samar da wutar da ta fi tsada cikin waɗanda aka buƙata a wannan sa'ar ita ce take yanke farashi ga kowa, kuma sau da yawa tashar gas ce. Shi ya sa a 2022, da gas ya yi tashin gwauron zabo bayan Rasha ta mamaye Yukren, bil ya tashi har a ƙasashen da suke da injinan iska birjik.

Tsohon Ma'aikacin Lantarki:
Madalla da wannan ƙarin haske. Hajiya, abin da yake hannunki yau shi ne sanin inda wutar take tafiya. Ki ninka wat ɗin na'ura da awannin da take aiki, ki raba da 1000, shi ne yunit ɗin da mita take ƙirgawa. Tsohon ƙwai mai wat 60 da ke ci awa 5 a rana yana cinye yunit 9 a wata, na LED mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya kuwa bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Hita mai wat 2000, awa ɗaya kacal a rana, yunit 60 ce a wata, wato ta fi ƙwayayen LED arba'in. Duk abin da aikinsa dumamawa ne ko sanyayawa, nan kuɗin yake. Ki duba robar ƙofar firjinki: ki maƙale takarda ki rufe ƙofar, idan ta zare cikin sauƙi to sanyi yana zurarewa, injin kuma yana ta aiki babu hutawa.

Uwar Gida:
Allah Ya saka muku da alheri. Gidanmu yana tsakiyar gine-gine ne, saboda haka za mu dakatar da maganar injin har sai mai sayarwar ya kawo jadawalin da Baba ya ambata. Yau da dare zan rubuta lambar da mita take nunawa, gobe war haka in sake dubawa ba tare da an kunna hita ba. Sauran tambayata, Baba, ita ce ko barin hitar a kunne tana riƙe zafi ya fi sauƙi, ko kuwa kunna ta sai lokacin buƙata?