Saƙon mayar da rarar haraji ta imel: gaskiya ne ko damfara?

Malamar makaranta, Kubwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara kan wani saƙon imel da ya shigo mini ɗauke da tambarin FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya, yana cewa an yanki haraji fiye da kima daga albashina, kuma za a mayar mini da naira 86,400 muddin na cike fom cikin awa 48. Da na buɗe shafin, sai na tarar ana neman lambar katin ATM, da lambobi ukun da ke bayansa, da BVN. Ban rubuta komai ba tukuna. Shin haka ake mayar da rarar haraji?

Akanta, Garki:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki cike komai, domin sunan hukumar kaɗai ya tona asirinsu. Harajin da ake yanka daga albashin malamin makaranta mazaunin Abuja, wato PAYE, hukumar harajin Abuja (FCT-IRS) ce ke karɓarsa, yayin da hukumar tarayya ta fi mayar da hankali kan harajin kamfanoni da VAT. Ita ma ɗin an sauya mata suna zuwa NRS ƙarƙashin dokokin harajin da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025. Wanda bai karɓi kuɗinki ba, ta yaya zai mayar miki da rara?

Doka ta yarda a mayar wa wanda ya biya fiye da kima, amma shi ne zai nema a rubuce, ya haɗa da takardun albashi da shaidar biya, hukuma ta yi bincikenta, kuma sau da yawa ba tsabar kuɗi ake bayarwa ba, ana rage masa ne daga harajin gaba. Duk wanda ya taɓa bin irin wannan takarda ofis-ofis ya san ba sha yanzu magani yanzu ba ce, balle a ce hukuma ce ke bin mutum tana roƙonsa ya karɓa.

Ma'aikaciyar banki, Wuse:
'Yar'uwa, mai son tura miki kuɗi lambar asusu mai alƙaluma 10 kawai yake buƙata. Lambar kati, da ta bayansa, da PIN, da OTP (lambar sirrin da banki ke turowa waya), duk na cire kuɗi ne, ba na saka su ba. Yawanci bayan an cike fom ɗin sai wani ya kira cikin ladabi, ya ce ki karanto lambar da ta shigo wayarki don a tabbatar da biyan. Ana karantawa, kuɗin ke fita. Wanda ya riga ya bayar ya toshe katinsa nan take, ya garzaya bankinsa, sannan ya kai ƙorafi ga EFCC.

Malamar makaranta, Kubwa:
Na gode ƙwarai. To, buɗe shafin da na yi zai iya jawo mini matsala?

Mai gyaran kwamfuta, Nyanya:
Malama, idan ba ki rubuta komai ba, kuma ba ki sauke wani fayil ko manhaja ba, haɗarin kaɗan ne. Ki taɓa sunan wanda ya aiko saƙon, ainihin adireshinsa zai bayyana. Na hukumomin gwamnati yana ƙarewa ne da .gov.ng, su kuwa 'yan damfara sukan cusa waɗannan haruffa a tsakiya, sannan su rufe da .com. Ki nuna saƙon ga ofishin albashi na makarantarku, domin mai yiwuwa ba ke kaɗai aka aika wa ba.